Jar Tuta a Ƙetaren Gada

Jirgin safe bai taɓa yin kuka irin na ranar ba. Ƙa'idarsa in ya doso gada ya busa sau biyu, gajeru, kamar mai sallama a gidan da ya saba. Ranar kuwa ya ja kuka guda ya ƙi saki, har mai shayin tasha ya ajiye butarsa, masu jiran jirgi suka miƙe suna kallon juna.

Layin siriri ne, irin na da, wanda ƙato zai iya tsayawa ƙafa ɗaya a kan wannan ƙarfe, ɗaya a kan wancan. Daga tuddai yake gangarowa, ya ratsa ƙananan tashoshi goma sha ɗaya kafin ya kai babban gari. Tun da aka shimfiɗa sabon layi mai faɗi a wani yanki, hukuma ta ɗauke ido daga wannan. Amma ga mutanen da ke bakinsa, shi ne hanyar asibiti, shi ne hanyar kasuwa. Da damina kuwa, in tituna suka yanke, babu wata hanya sai shi.

Leburorin layi suka tura kurarsu a kan dogo da gudu, Heluma, shugabansu, yana tsaye a kai. Dab da gada, ta ɓangaren gari, suka tarar an kwance farantan ƙarfe biyu da ke haɗa bakin dogo da dogo. Da jirgi ya hau wurin, da a cikin rafi zai ƙare. A ƙasa, kan yashin bakin ruwa, ga mai duba layi kwance, kansa a fashe, yana numfashi da ƙyar. Can a ƙetare, da nisa, jirgin na tsaye a gaban wata jar tuta da aka kafa a tsakiyar layi.

"Kada wanda ya hau gadar nan," in ji Heluma. "Ba mu san abin da suka kwance a kanta ba."

Kafin a kai mai duba layi asibiti, gari ya gama yanke hukunci. Ɓarayin ƙarfe ne. Bawan Allah ya ga ɓarnarsu, ya ruga ya kafa tuta ya ceci jirgi, ya dawo suka rotse masa kai. Kuma a garin nan mutum ɗaya ne ke sayen ƙarfe, ɗan gwangwan da ke bayan kasuwa.

Saje, mai riƙe da ofishin 'yan sandan garin, na da 'yan sanda biyu kacal. Ya dubi yadda mutane ke kwarara zuwa bayan kasuwa, ya aika a kira masa Mai Sawu.

Tsohon ya haura sittin, kuma rabin rayuwarsa a sunkuye ya yi ta, yana bin shanun sata da mutanen da suka ɓata a daji. In ka gaishe shi, ƙafarka yake fara duba kafin fuskarka. Ya iso gada yana dogara sanda, ya tsaya yana kallon ƙasar da aka kirɓa kamar masussuka.

"Yaya, ka iso?" in ji Heluma. Marigayiya matarsa ƙanwar Mai Sawu ce, ciki ɗaya.

"Na iso. Kun yayyage mini takardar tun ban karanta ba. Ku nawa kuka yi rawa a nan?"

"Rai muke ƙoƙarin ceta, Yaya, ba sawu ba."

Mai Sawu ya gangara bakin ruwa a hankali saboda gwiwarsa. Rafin ya cika, yana gudu ja wur da ruwan tuddai. Ya tsuguna inda aka ɗauke mai duba layi. Yashin ko'ina jiƙe yake, ban da wuri ɗaya mai siffar mutum a kwance.

"Saje, yaushe aka yi yayyafin nan?"

"Gari na fara haske, Baba. Bai fi tsawon shan shayi ba."

"To tun kafin yayyafi ya faɗo. Jikinsa ne ya rufe yashin."

Ya bi bakin ruwa da ido, ya ga inda ciyayi suka karye, laka ta fantsama a ganyensu. Ya sa ɗan sanda ya naɗe wando ya laluba. Sai ga farantan ƙarfen biyu, da notinsu guda huɗu.

"Ɓarawo ya yi gumi ya kwance ƙarfe, sannan ya ba ruwa kyauta?"

"Wataƙila tsoro ne ya kama shi."

"Wataƙila," in ji Mai Sawu.

Ya hauro, ya nufi gada. Heluma ya tare shi da hannu.

"Yaya, da wannan gwiwar? Ka bari mu duba ta tukuna. In ka faɗa, me zan gaya wa 'yar ƙanwarka? Tana cikin jirgin can, ta kawo mana jariri."

Kafin ya ba shi amsa, wani ya taho a guje yana kiran Saje. An cinna wa rumfar ɗan gwangwan wuta.

Rabin rumfar ya ci kafin Saje ya kutsa. Ɗan gwangwan na zaune a kan tarin ƙarafansa, leɓensa a fashe, mutane sun fi ɗari a kansa. Wani matashi na riƙe da jarkar fetur, wani ya ɗaga wani farantin ƙarfe sama.

"Ga shi nan! Irin na layi! A cikin kayansa!"

Mai Sawu ya miƙa hannu aka ba shi. Ya kankare shi da farce, tsatsa ta zubo kamar gari.

"Wannan ya shekara biyar rabonsa da noti. Ina ka same shi?"

"Gwanjo aka yi a tasha, Baba," in ji ɗan gwangwan. "Ga shugaban tasha nan, a gabansa aka loda mini. Ranka ya daɗe, ka faɗa musu mana!"

Shugaban tasha ya dubi jarkar fetur, ya dubi ƙasa. "An dai taɓa yin gwanjo," ya ce. "Ban riƙe wanda ya sayi me ba."

"Miƙo ƙafarka," in ji Mai Sawu.

Ƙafar ɗan gwangwan ta dama a naɗe take da tsumma, ta kumbura kamar tulu. Ƙusa ya taka kwana shida da suka wuce. Mai Sawu ya nuna wa Saje ƙasar tsakar wurin da bakin sanda: ga inda ya ja ƙafar daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa rumfa, shi ke nan.

"Mai wannan ƙafa bai je gada ba, ko a mafarki."

"Ya aika!" wani ya ce daga baya. "Baƙo ne, mun san wa ya sani?"

"Shekara uku ina sayen tukwanenku da suka huje," in ji ɗan gwangwan. "Yau na zama baƙo?"

 Saje ya ce zai kulle ɗan gwangwan a ofis. Mai jarkar ya ce sun ji, amma in la'asar ta yi ba a nuna musu wani ba, ƙofar ofis ba ƙarfen dogo ba ce.

A hanya Saje ya rage murya. "Baba, ka ji dai. Ni da mutum biyu ba za mu tare garin nan ba."

Mai Sawu ya ɗaga kai. Hadari na haɗuwa daga gabas. In ruwa ya sauka, abin da ya rage a ƙasa ya tafi ke nan.

Matar mai duba layi na zaune a barandar asibiti, takalmin mijinta a kan cinyarta. Likita ya ce bai farka ba, kuma ba ya iya yin alkawari. Mai Sawu ya tsaya a gabanta.

"'Yata, ki yi haƙuri da tambaya a irin wannan lokaci. Me ya fitar da shi da sassafe haka? Ai sai rana ta fito yake zagaye."

"Kwana uku ke nan ba ya cin abinci, Baba. In na tambaye shi sai ya ce ya ga abin da in ya yi shiru ya ci amana, in ya faɗa ya kashe gidan wani. Yau ya ɗauki jakarsa, ya dawo ya ɗauki alli, ya ce zai sa alama kafin ya rubuta rahoto."

"Alama a kan me?"

"Bai faɗa ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ku tambayi Bahago. Shi ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce sai ya ga bayansa."

Bahago tsohon leburan layi ne, an sallame shi watanni biyu baya saboda mai duba layi ya same shi yana barci a bakin aiki. Suka same shi a bayan kasuwa yana sauke buhunan siminti daga mota, fari fat har gira.

"Na faɗa, ban musa ba," ya ce. "Wanda aka cire wa abinci daga baki ai ba waƙa zai yi ba. Amma tun kafin gari ya waye nake kan motar nan. Buhu ɗari uku. Ku tambayi direba, ku tambayi bayana."

Direban motar ya tabbatar, masu shaguna biyu ma haka. Saje ya yi tsaki ya juya. Mai Sawu bai motsa ba.

"Kai da ka san layi, in mutum zai sa alli a wajen gada, me zai sa wa?"

"Katakon da ke ƙarƙashin dogo mana. Wanda ya ruɓe a yi masa gicciye a canza shi. Amma ba a gadar nan ba. Sababbi ne duka, sati biyu kafin a kore ni aka zuba su."

"Da hannunka?"

"Ina! Ranar an tura mu sare ciyawa can wajen tasha ta gaba, kwana uku. Aka ce 'yan kwangila ne za su yi. Muka dawo muka tarar da gada baƙa wuluk, sai ƙyallin kwalta." Ya yi dariya. "'Yan kwangilar ma kamar aljanu, ko ɓawon rake ba su bari ba."

"Wa ya tura ku?"

"Wa ke tura mu? Heluma."

Mai Sawu ya yi masa godiya. 

Da Mai Sawu ya koma gada, ya tarar Heluma ya tafi tasha ɗauko kayan gyara. Mai Sawu ya ce wa ɗan sandan da ke gadi ya ja baya, ya tsaya a bakin gadar, ya sunkuya har ya kusa kwanciya, yadda hasken rana zai faɗo a karkace.

Katakai arba'in ne a jere, baƙaƙe, ruwa na gudu a ƙarƙashinsu. A kansu akwai tabon jar laka, irin ta bakin rafi, wadda aka taka bayan yayyafi ta bushe a wurin. Babu siffar takalmi, tabo ne kawai. Mutum ɗaya ya haye ya dawo.

Ya fara bi, yana sa ƙafa a gefen kowane tabo. Na ɗaya, na biyu, na uku. Na huɗu babu komai. Na biyar da na shida akwai. Na bakwai da na takwas babu, mutumin ya yi dogon tsalle ya dira a na tara, a kan gada mai santsi, rafi na ruri a ƙasa. Mai Sawu ya dubi sawun dawowa. Su ɗin dai ya tsallake, ba ƙari ba ragi.

Mai gudu yakan tsallake katako, amma bi da bi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan zaɓe yake yi.

Ya zaro 'yar wuƙarsa ya soka a na uku. Ta tsaya cak. Ya soka a na huɗu, ta shige har ƙota, da ya zaro ta sai gari ya biyo ta. Gara ta cinye cikinsa, kwalta ce kawai ke riƙe da mutuncinsa. A gefensa, da ya duba da kyau, ga ragowar alli da aka goge da tafin hannu.

Goma sha biyu ya ƙirga kafin ya kai ƙetare, gumi na zuba daga haɓarsa. A ido babu mai raba su da sauran.

Daga nan sawun ya sauka gefen layi, kan yatsu kawai, taku mai faɗi. Mutumin gudu yake yi kamar ana binsa. Mai Sawu ya bi har gindin tuta. Sandarta ta fasa jiƙaƙƙiyar ƙasa, busasshiya ta fito a gefen ramin. Bayan yayyafi aka kafa ta, lokacin mai duba layi ya riga ya kwanta a yashi.

Direban jirgi ya sauko ya tarye shi. Fasinjoji na zaune a inuwar taragu, yara na kuka, ruwan sha ya ƙare.

"Allah ya saka wa wanda ya kafa ta," in ji direban. "Doka ta ce a kafa ta nisan turakun waya goma daga wurin ɓarna. Shi sai da ya kai sha biyar. Da a goma ya tsaya, da birkin tsohuwar nan, a gangare, ban sani ba."

"Kawu!"

Ya juya. 'Yar ƙanwarsa ce ke saukowa daga tarago, da jariri a naɗe a ƙirjinta. Fuskar uwarta ce sak. Shi ya ɗauke ta a kafaɗa ranar da aka binne uwar.

"Kawu, me ya faru? Baba lafiya? Tun safe nake kiransa ba ya ɗauka."

"Lafiyarsa ƙalau. Ya san yau za ki zo?"

"Jiya na gaya masa. Har ya ce ya gyara mana ɗaki." Ta buɗe fuskar jaririn. "Ka ga hancin wa ya ɗauko?"

Mai Sawu ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ja direban gefe ya yi masa magana a kunne. Direban ya zaro ido, ya gyaɗa kai.

Ana saura kaɗan la'asar, iska ta fara kaɗa ƙura da ganye. Saje ya tara su a bakin gada kamar yadda Mai Sawu ya nema: ɗan gwangwan a kan kurar layi saboda ƙafarsa, Bahago da siminti a gashinsa, shugaban tasha, Heluma da leburorinsa shida. Bayansu rabin gari, har da mai jarka. A ƙetare, direba ya jero fasinjoji.

"Wanda ya kwance ƙarfen nan ba ɓarawo ba ne," in ji Mai Sawu. "Ya kwance ne da sifanar mai duba layi, don a ce ɓarayi ne, ya jefa a ruwa. Kuma shi ɗin ne ya kafa tuta, ba mai duba layi ba. Ya so a ga ɓarna, bai so jirgi ya faɗi ba."

"Wane ne?" in ji mai jarka.

"Za mu zo nan. Ga hadari, ga mata da yara a fili tun safe. A fara hayo da su. Heluma, an kwance wani abu a kan gadar?"

Heluma ya lashi leɓe. "Notin dai duk suna nan. Amma gara a jira. A kawo kwale-kwale."

"A wannan ruwan? Ba kai ka sa hannu an zuba sababbin katakai arba'in ba? Jirgi na bi ta kansu kullum. Ƙafar mace ce za ta karya su?"

"Gaskiya ne," in ji shugaban tasha. "Takardar na ofishina."

Mai Sawu ya ɗaga hannu. A ƙetare, direban ya matsa gefe, wadda ke kan gaba ta fito. Ta gyara riƙon jaririnta, ta hango ubanta, ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Ta sa ƙafa a katakon farko.

Heluma ya yi taku ɗaya gaba ya tsaya. 

Ta taka na biyu. Daga wancan ɓangaren biyar na farko lafiyayyu ne, kuma direban na dab da bayanta, an gaya masa ya riƙe ta a na huɗu. Mai Sawu ya san haka. Duk da haka bai ɗauke ido daga ƙafarta ba.

Ta taka na uku.

"Tsaya!" Muryar Heluma ta tsaga iska. "Tsaya nan! Kada ki ƙara! Na shida ruɓaɓɓe ne, da na tara, da na goma! Ki koma, don Allah ki koma!"

Direban ya kama hannunta. 

"Ni da wuƙa na gane su," in ji Mai Sawu a hankali. "Kai daga nan ka gane su, a ƙarƙashin kwalta. Kamar yadda ka gane su da safe, da laka a ƙafarka."

Heluma ya zauna a kan ƙarfen dogo. Bai kalli kowa ba.

"Arba'in aka kawo," ya ce. "Rufin gidana ya rufta a daminar bara. Na ɗauki goma sha biyu na yi azara, na shafa wa tsofaffin kwalta. Na ce kafin su gaza zan nemo wasu. Ya gane. Na biyo shi da safe in roƙe shi, wallahi roƙo na zo yi. Yana sa alli ina gogewa. Na riƙe masa hannu, ya fizge, sai na ga babu shi." Ya rufe fuska. "Na sauka na taɓa shi, na ɗauka ya mutu. Na kwance ƙarfen. Ina jefa shi a ruwa na tuna wadda ke cikin jirgi."

"Da ba ta ciki fa?" in ji Bahago.



Taron ya motsa. Mai jarka ya matso. Ɗan gwangwan ne ya ɗaga murya daga kan kura, da fasasshen leɓensa.

"Kai, ajiye abin nan. Bai ishe ka ba yau?"

Matashin ya dubi jarkar kamar yanzu ya fara ganinta. Wani dattijo ya karɓe ta daga hannunsa.

Ɗigon farko na ruwan sama ya faɗo. Saje ya ciro ankwa, Mai Sawu ya dafa masa hannu.

"Mutum ɗari da wani abu na can, kuma duk garin nan shi kaɗai ya san gadar nan da ka. Bar shi ya gama aikinsa."

Heluma ya tashi ya hau gadar. Ya yi ta kai da kawowa cikin ruwan sama, yana riƙe hannun tsofaffi, yana ɗaukar yara a kafaɗa, yana cewa nan, nan, tsallake wannan. Wasu sun ƙi ba shi hannu, suka bi bayansa kawai suna taka inda ya taka. 'Yarsa ta koma bayan kowa, ita ce ta ƙarshe da ta hayo. Bai yi ƙoƙarin taɓa ta ba. Ya yi ta tafiya da baya a gabanta yana nuna mata wurin sa ƙafa har ta sauka.

"Bari in gan shi," ya ce.

Ta ɗan ja zanen, ta kare fuskar jaririn daga ruwa da tafin hannu. Ya duba. Bai miƙa hannu ba, ita ma ba ta miƙa masa ba. Sannan ya juya ya ba Saje hannayensa.

Ta zo ta tsaya a gaban Mai Sawu, ruwa na bin fuskarta.

"Da ni ka ɗana tarkon, Kawu."

"Da ke."

"Da ɗana a hannuna."

"Da na faɗa da baki kawai, zai musa, su kuma su koma kan wancan bawan Allah kafin magariba. Ban ga wata hanya ba. Ban ce na kyauta ba."

 Ba ta kwana a ɗakin da aka gyara mata ba, gidan kawun nata ta sauka. Kwana tara ta yi a can, tana gaishe shi safe da yamma, tana ajiye masa abinci, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba.

Mai duba layi ya farka a rana ta uku. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai ƙara ɗaga guduma ba. Da Saje ya je ɗaukar bayaninsa, abin da ya fara tambaya shi ne ko an hana jirgi hawa gadar.

A rana ta tara aka buɗe layi. Jirgin farko ya ɗauki ɗan gwangwan da abin da wuta ta bar masa, ba wanda ya zo ba shi haƙuri, shi ma bai tsaya jira ba. A tarago na biyu 'yar Heluma ta zauna kusa da taga. Mai Sawu ya miƙa mata jakarta, ya tsaya a gefe yana kallon ƙasa.

Jirgi ya busa. Ta leƙo.

"Kawu, ranar Laraba ake barin a ga Baba a gidan yari. Ni ba zan iya ba tukuna. Kai ka je."

"Ba zai so ganina ba."

"Na sani," ta ce. "Ka je duk da haka. Ba shi da kowa sai mu."

Ranar Laraba da hantsi, Mai Sawu ya ɗauki sandarsa ya tafi.